Da Sauƙin Inna

Jikata ce ta tono mini wannan tsohon zance, ita da wata 'yar na'ura tata mai kama da abin maƙale shanya. Kwanakin nan tana ta haɗa kaya za ta koma makarantar koyon aikin jinya, shekara ta biyu, ta cika mini falo da littattafai da fararen riguna da igiyoyin caji. Ta kama yatsana ta maƙala abin nan, ya yi ƙyaf-ƙyaf, lambobi suka fito, ta ce, "Kaka, kin gani? Ba sai na zauna ina zare wa agogo ido irin naku na mutanen da ba." Na ce yo sannu, likitar Turai. Ni da na yi furfura a ɗakin majinyata har na yi ritaya, yau yarinyar da na yanke wa cibiya da hannuna ce za ta koya mini jin bugun zuciya. Ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce to in faɗa mata abin da ake tanada na shekara ta biyu, tunda ni ce tsohuwar hannu. Na buɗe baki zan ce ta nemi takalmi mai taushi, sai na ji ƙamshin dafaffen ganyen darbejiya ya bugo mini hanci, alhali babu mai tafasa komai a gidan. Na ce mata ta ajiye na'urar nan ta zauna.

A zamaninmu, shekarar farko ba a barinki kusa da majinyaci sai ta gefe-gefe. Shimfiɗa gado za ki yi ta yi har sai zanin ya miƙe sumul, ki wanke fo, ki tafasa ƙarafa, ku riƙa riƙe wa juna hannu kuna koyon ƙirga bugun jini da agogon da ake maƙalawa a ƙirji. Malamar da ke koya mana wata doguwar mace ce, Kirista, 'yar ƙauyukan bayan Malumfashi, Bahaushiya tsantsa wadda in ta saki Hausa sai ki rantse kakarki ce ke magana. Ba ta da wasa ko kaɗan, muna tsoronta muna kuma son ta. Ranar da za a sallame mu dogon hutu ta tsaya gaban aji ta ce, "In kun dawo, ɗakin majinyata za ku shiga. A can akwai wata aba da ta fi kowace cuta cin mutanenmu. Wa zai faɗa mini ita?" Muka yi ta jefa amsa, wannan ta ce zazzaɓi, waccan ta ce tarin fuka, wata ta ce gudawa. Ta girgiza kai ta ce, "Da sauƙi." Ta ce mutumin da ke jan numfashi da ƙyar, in kika ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce miki, kuma ba ƙarya yake yi ba, tarbiyya ce da godiyar Allah. "Ku ce masa Allah ya ƙara sauƙi, gaisuwa ta ƙare ke nan. Daga nan aiki ya fara. Ku nemo tambayar da ba a iya amsa ta da da sauƙi." Sannan ta ba mu aikin hutu: duk wanda ke gidanmu, babba da yaro, mu riƙe masa hannu, har yatsunmu su san bugun mai lafiya, don ranar da suka taɓa na marar lafiya su gane da kansu.

Na iso garinmu, nan kusa da Gozaki, damina ta yi nisa. Masara ta rufe hanya har ba a hango rumbuna sai an zo dab da su, auduga ta yi kore shar, kwaɗi suna ta hayaniya a kududdufin bayan gari tun kafin magariba. Allah sarki, wannan ƙauyen yanzu sai a zuciya. Da asuba sautin lugude ne ke tashe ki, gida ya amsa wa gida, ki iya gane matar wane ce ke daka daga yadda taɓaryarta ke sauka. Yau inji ne ke ta ƙugi a bakin kasuwa, babura suna ratsa gari kamar an koro su. Ni dai na sauke akwatin ƙarfena, na cire takalmin makaranta, na koma 'yar gida: ɗebo ruwa a rijiya, surfe, kai abinci gona, tsinko rama da yakuwa a bayan ɗaki. Da yamma in fito da fararen rigunana na shekara ta biyu in yi ta gyara musu kalmasa, ƙannena suna leƙe kamar sun ga kayan aljanna.

Na tarar mahaifiyata, Inna, ta haihu, har an yi suna kafin in zo. Yarinya ce, wadda ta zama autarmu. To ni ce 'yar fari, kuma sai da na yi wa jikata bayanin wannan, don su yanzu ba su san shi ba. Uwarta tana tsaye a tsakar gida take rangaɗa mata kira da cikakken sunanta, har maƙwabta su ji. Ni tunda na buɗe ido Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta zama inda nake zaune, ba ta kallon fuskata kai tsaye, in tana son in yi wani abu sai ta faɗa wa ƙanwata, ko ta faɗa wa iska, "A ce wa waccan ta sauke tukunya." Ba ƙiyayya ba ce, wallahi, kunya ce, kuma ita ce mutuncin mace a lokacin. Na san tana sona ta wurin ƙanzon da take ɓoye mini a ƙarƙashin faifai. Amma in taɓa jikinta? Tabɗi! Rabona da hannun Inna tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Kaka. Ga shi kuma yanzu ta haihu a gaban budurwar 'yarta mai karatun asibiti, kunyar ta ninka, ko ƙofar ɗakinta na gifta sai ta ja mayafi.

Kaka, mahaifiyar Baba, ita ce mai riƙe da jegon, kuma ba ta haɗa shi da kowa. Ita ta raine ni, don haka tsakaninmu babu kunya sai tsiya da tsokana. Safe da yamma ana hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya, ruwa ya tafasa har yana tsalle, a tsoma damin ganyen darbejiya a riƙa fyaɗa wa mai jego a jiki, tururi ya turnuƙe makewayi. Ta fito a miƙa mata ƙwarya cike da kunun kanwa, kanwar har tana ɗaci, sannan ta hau gadon ƙasa da aka zuba wa garwashi a ƙarƙashi. Haka aka yi wa Kaka, haka aka yi wa uwarta, don kada sanyi ya shiga jikin mai haihuwa. Ba don mugunta ake yi ba, gata ne, macen da ba a yi wa ba ita ce abar tausayi. In na matso kusa sai Kaka ta kore ni da muciya, tana cewa, "Ja can, likitar gadaje! Shekara guda aka yi ana koya miki shimfiɗa zani, abin da na iya tun ban yi haƙori ba." Ni kuma in ce mata ta bari ta kwanta ciwo ta ga wanda zai yi mata allura mai zafi.

Daga nesa nake kallon Inna, kuma abin da nake gani bai kwanta mini ba. In ta fito daga wanka ba ta kaiwa ɗaki a tafiya ɗaya, sai ta tsaya ta dafa turmi kamar mai neman wani abu a ƙasa. Tana wani ɗan tari busasshe. Awarwaron da ke yawo a hannunta da, yanzu ya nutse cikin nama. Duk lokacin da na saci kallo ta labule, a zaune take a kan gado, ta jingina da bango, ban taɓa ganinta a miƙe ba ko da rana tsaka da kowa ke ɗan kishingiɗa. Mata suna ta shigowa barka, "Sannu mai jego, ya ruwan zafi, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Baba kan tsaya a bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa ya ce, "Ya jikin?" Ta ce, "Da sauƙi, Malam." Ya ce madalla, ya wuce gona da zuciya ɗaya. Na yi wa Kaka maganar kumburin, ta ce jikin jego ne, ta yi ƙiba, in ma ruwa ne to sanyi ne bai gama fita ba, gobe a ƙara itace a ƙara kanwa. Ban san sunan ciwon ba, ba mu kai nan a karatu ba, amma na san uwata tana nutsewa a gaban idona, kowa kuma yana yi mata barka.

Wata safiya da hantsi na ɗauko agogona na maƙala a gaban riga, na tsaya tsakar gida na ɗaga murya yadda na cikin ɗaki zai ji. Na ce malamarmu ta ce duk wadda ba ta riƙe hannun kowa na gidansu ba, to kada ta dawo shekara ta biyu. Na ƙara gishiri kaɗan, na yarda, amma ai da gaskiyata a ciki. Ƙannena suka yi layi suna dariya. Matar kawuna ta miƙo hannu duk gari. Kaka ta ce ita ba za a yi mata duba irin na bokaye ba, sannan ta miƙo, na ji bugunta dam, dam, a natse, na ce mata wannan tsohuwa sai ta binne mu duka. Da na gama na ce, "Saura mutum ɗaya." Kaka ta dube ni ta dubi labule, ta ce, "Ke ba ki da ta ido ne?" Na ce to shi ke nan, karatu ya ƙare, a nemo mini fartanya. Can sai labulen ya motsa, hannu ya fito ta gefensa, hannu kawai, ba fuska. Inna ta gwammace ta karya kunyarta da a kore ni daga makaranta.

Na durƙusa a bakin ƙofa na ɗora yatsuna. Hannun da na yi shekaru ina kallo daga nesa yana tuƙa tuwo, yau ga shi a cikin nawa, ya kumbura suntum. Bugun kuwa siriri ne, yana gudu yana tuntuɓe, bai yi kama da ko ɗaya daga cikin waɗanda na taɓa a safiyar ba. Ko agogon ban duba ba. Daga bayan labule ina jin numfashinta, gajere-gajere. Na ce, "Inna, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Na ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Sai muryar malamarmu ta faɗo mini: gaisuwa ta ƙare. To amma ta yaya 'yar fari za ta titsiye uwarta da tambaya? Na ɗaga labulen na shiga, abin da ban taɓa yi ba sai in an aike ni. Zafin ɗakin ya mare ni. Inna ta juya fuska bango. Na ɗauki jaririyar daga gefenta, na zauna a ƙasa na ba gadon baya, na dubi 'yar fuskar nan na ce, "Auta, tambayar mini Inna, rabonta da ta kwanta ta miƙe bayanta a kan gado tun yaushe?"

Inna ba ta juyo ba. Sai na ji ta ce, a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi, "Ki ce mata tun ranar sunanki." Na ce, "Auta, in ta kwanta me ke faruwa?" Ta ce, "Ki ce mata sai in ji kamar an danna kaina a cikin randa." Hawaye suka zubo mini a kan zanin goyon. Na yi ta tambaya ta bakin jinjirar da ba ta san ma ana yi ba, Inna tana amsa mata: fitsari ya ragu, takalminta ya daina shiga, daga makewayi zuwa ɗaki ji take kamar ta je Funtuwa a ƙasa. Duk wannan yana cikin da sauƙin da take ta raba wa mutane.

Kaka tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai, amma ta ce ai duk mai jego takan ji nauyin jiki. Ban yi gardama da ita ba, don ba a cin Kaka da baki. Na kamo babban yatsanta na ce ta danna ƙwaurinta. Ta danna, naman ya taso nan take. Na ja hannun nata zuwa ƙafar Inna na ce ta danna nan. Ta danna ta ɗaga. Wurin ya loɓa kamar malmalar tuwo, ya zauna a haka, muna kallonsa yana kallonmu. Na ɗaga kai in yi magana, sai na ga fuskar Kaka ta canza, tsiyar nan duk ta zube. Ta zauna a bakin gado ba ta ko kula da zafinsa ba. Ta ce, "Haka ƙafar goggonki ta yi." Goggon nan ban san ta ba, ƙanwar Baba ce da ta rasu tun kafin a haife ni, abin da kawai ake cewa shi ne ta tafi a jego. Kaka ta ce, "Ni na yi mata wanka da hannuna. Har safiyar da ta cika, na ce ya jiki, ta ce mini da sauƙi." Ta miƙe ta fita tsakar gida ta zuba ƙasa a murhun tukunyar wanka, wutar ta mutu, ta ce a je gona a kira mata ɗanta yanzu-yanzu.

Baba ya zo da laka har gwiwa yana cewa ai da safe ta ce masa da sauƙi. Kaka ta ce, "Kai ma da sauƙin aka haife ka? Nemo amalanke." Hanya ta caɓe, mota ba ta shigowa, sai a amalanken shanu muka fitar da Inna zuwa bakin titi, a zaune, na tokare bayanta da ƙirjina, Kaka na rungume da Auta. Daga nan wata akori-kura mai ɗaukar taki ta kai mu asibiti a Malumfashi. Likitan da ya duba ta ya ce zuciya ce ta gaji, ruwa ya taru har ya fara hawa huhu, kanwa da zafin nan suna ƙara mata kaya, kuma da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Ya tambayi wanda ya gane. Kafin in buɗe baki Kaka ta ce, "Jikata ce, likita ce ita ma." Likitar gadaje ta samu ƙarin girma a rana ɗaya. Aka ba Inna gado, aka yi ta ba ta maganin da ke fitar da ruwa, ni ce mai jinya, ni ce mai shimfiɗa mata zani sumul yadda aka koya mini. Ranar da na ga ta yi barci a miƙe, awarwaronta ya gangaro har gwiwar hannu, na fita bayan ɗakin na yi kuka mai isata.

Mun dawo gida hutu ya kusa ƙarewa, masara ta fara bushewa. Sauran jegon da ruwa mai ɗumi aka ƙarasa shi, kunu kuma na tsamiya, kuma Kaka da kanta ta riƙa bi gida-gida tana danna ƙafafun masu jego, tana cewa ita ta gano dabarar. Na bar mata. Kunya kuma ta koma mazauninta, Inna ta ci gaba da aiko mini saƙo ta bakin ƙanwata kamar ba abin da ya faru. Ana gobe zan tafi na je ɗauko fararen rigunana in goge, na tarar an riga an wanke su, an sa bula da sitati, an goge da dutsen guga har suna tsayuwa da kansu. Ban tambayi wanda ya yi ba. Da safe na yi sallama da kowa, na durƙusa a bakin ƙofarta na ce na tafi. Na ɗauki akwati na kai zaure, sai na ji murya a bayana, a fili, kowa na ji: "Sista!" Na waiga ina neman wadda ake kira. Inna ce tsaye a tsakar gida da Auta a kafaɗa, tana kallona ido cikin ido. Ta ce, "Sista, Allah ya tsare hanya." Sunana ya fi ƙarfin bakinta, sai ta samo wanda kunya ba ta hana ba. Ɗalibar da ko allura ba a fara ba ta ba, sai da na yi shekaru masu yawa ina aiki kafin asibiti ya kira ni da wannan suna, amma a gidanmu na riga na same shi. Da shi ta kira ni har ta ga aurar da Auta, har ta goyi 'ya'yan Auta, har Allah ya karɓi abarsa tana tsohuwa tukuf. Na karɓi takardun yabo a wurin aiki, ban ƙi su ba, amma babu wadda ta kai wannan kira.

Da na kai nan jikata tana ta juya 'yar na'urarta a hannu. Na ce mata abin nata yana da kyau, da muna da shi a lokacin da mun ji daɗi, ta tafi da shi, amma ta sani ba ya jin Hausa. Gadajen ƙasa sun rushe, ɗakin Inna ma yanzu shagon cajin waya ne, amma da sauƙi tana nan daram, tana jiranta a kan kowane gado.

Yau da safe ta fito da jakarta, mai babur na jira a waje. Na taka mata zuwa ƙofar gida, a tsakiyar hanya na ɗan tsaya na dafa bango, na yi kamar ina duba shukar zogalena. Ta durƙusa ta ce, "Kaka, na tafi. Ya jikin naki?" Na ce, "Da sauƙi, maza kada ki rasa mota." Ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Sai na ga ta sauke jakar a ƙasa, ta leƙa waje ta ce wa mai babur ya yi haƙuri. Na'urar tana cikin aljihunta, ba ta ko taɓa ta ba. Ta kama wuyan hannuna da yatsunta, ta ɗago ta dube ni kamar majinyaciyar da aka ba ta a asibiti, ta ce, "Hajiya, da filo nawa kika kwana jiya?"

Ja'irar yarinya. Na so in ce ɗaya, amma daɗi ya cika mini ciki har ban iya ba. Na ce, "Uku, Sista."